Wa ya sa wa wannan ɗan tsuntsu zobe a bakin tekun Esiama?

Ɗan Zangon Takoradi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba maganar farashin kwakwa ce ta kawo ni ba. Jiya na je ɗaukar kaya Esiama, can ƙasar Nzema bayan an wuce Axim an tsallake kogin Ankobra, sai aka ce mu jira masu ɓare kwakwar su gama. Da zaman ya ishe ni na gangara bakin teku. Nan na tarar da wasu 'yan tsuntsaye farare-farare, ba su kai kurciya ba, sun fi ɗari, suna wani abu kamar wasan yara. In igiyar ruwa ta ja da baya sai su bi ta a guje suna caccakar jiƙaƙƙen yashi, in ta juyo sai su ma su juyo, ruwan bai taɓa cim musu ba. Ƙafafun ko ganinsu ba a yi don sauri. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗaya a cikinsu yana da zobba masu launi a ƙafa, da wani ɗan abu mai kama da tuta. Ga hoton, ku yi haƙuri wayar tawa sai a hankali. Wa ya san tsuntsun, kuma wa ya sa masa zoben?

Baban Nima: Wa alaikumus salam. Alhaji, a hoton nan ni dai yashi nake gani da wani ɗigo fari. Ko gishiri ka ɗauko mana?

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai shawarata kada ka taɓa shi. Tsuntsu da zobe ba banza ba. Ko an yi aiki da shi ne an sake shi, wanda tsautsayi ya kai ya ɗauka. Allah ya tsare mu.

Abban Agege: Ko kuma na leƙen asiri ne. Mun sha jin an kama ungulu ko wani babban tsuntsu da na'ura a bayansa.

'Yar Jos: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba asiri ba ne, kuma ba leƙen asiri ba ne. Zoben roba ne marar nauyi, masu binciken tsuntsaye ke sa shi don su gane wane ne wane daga nesa ba tare da sun sake kama shi ba. Yadda Baba Alhaji ya kwatanta gudun nan da bin igiyar ruwa, kusan babu shakka tsuntsun da Turawa ke kira sandalin ne, a littattafan kimiyya kuma Calidris alba. Baƙo ne, ba a nan ake haihuwarsa ba. Kuma wurin da ka faɗa, Esiama, sananne ne a wajen masu wannan ilimi, don shekara da shekaru ana kama su a nan ana sa musu zobe.

Ɗan Tema: Ƙanwata, a yi a hankali. Ni duk Asabar ina tafkin Sakumono da tabaron hangen nesa, kuma na koyi kada in yanke hukunci da hoto irin wannan. Akwai ƙaninsa da ake kira litil sitint, Calidris minuta. Shi ma baki baƙi, ƙafa baƙa, ciki fari, shi ma daga can arewa yake zuwa a daidai wannan lokaci. A ɗigon da ke cikin hoton nan ba za ki iya rantsuwa ba.

'Yar Jos: Gaskiyarka Yaya, da hoton kaɗai ba zan rantse ba. Da labarin na kama. Sitint tsuntsun taɓo ne, ka fi samunsa a bakin tafki inda ruwa ya kwanta, yana tsittsinta a sunkuye. Wanda ke tsere da igiyar ruwa a kan yashin teku buɗaɗɗe, garke guda, wannan ɗabi'ar sandalin ce.

Ɗan Tema: Ɗabi'a hujja ce, amma ba ita kaɗai ba. Alhaji, bari in yi maka tambayoyi. Girmansa fa? Bayansa toka-toka ne mai haske ƙwarai ko ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa? A kafaɗarsa, daidai inda fiffike ya lanƙwasa, ka ga wani baƙin tabo? Da suka tashi, akwai farin layi mai faɗi a tsawon fiffiken?

Ɗan Zangon Takoradi: To, ni ban je da niyyar jarrabawa ba. Girma dai sun fi gwara nesa ba kusa ba, amma ba su kai kurciya ba. Bayan nasu kamar tokar murhu mai haske, cikin kuwa fari fat kamar an wanke da bula. Baƙin kafaɗa na gan shi a wasu, har na ɗauka datti ne. Da wani kare ya koro su suka tashi gaba ɗaya, na ga farin layin, suka yi ƙasa-ƙasa a kan ruwa suka sake sauka can gaba. Wani abu kuma, na duba sawunsu a yashi, yatsu uku ne kawai, babu na baya irin na kaza.

'Yar Jos: Allah ya saka da alheri Baba! Wannan ita ce babbar alamarsa. A cikin danginsa na kusa shi ne ba shi da yatsan baya, uku ne kawai a gaba.

Ɗan Tema: Na yarda sandalin ne, amma ba don sawun ba. Yatsan baya na ƙananan tsuntsayen nan ɗan mitsitsi ne kuma a sama yake, sau da yawa ko taɓa ƙasa ba ya yi, saboda haka sitint ma zai iya bar maka sawu mai yatsu uku. Sai ka ga ƙafar kanta da tabarau ko a hoto mai kyau. Abin da ya gamsar da ni shi ne haske, da baƙin kafaɗa, da girma. Sandalin yana kai santimita 20 daga baki zuwa wutsiya, sitint kuwa 13 ko 14. In ka gan su wuri ɗaya bambancin a fili yake. Matsalar sai in ɗaya ne tilo babu abin gwadawa.

Baban Nima: Yau ga ikon Allah. Manya da gemu suna gardama a kan yatsan tsuntsu. Ni tambayata ɗaya ce: ana ci?

Malam Na Nguru: Baban Nima, dukan tsuntsun nan da gashinsa da komai nauyinsa bai wuce ƙwan kaza ba, in ka fige me zai rage? Amma tambayar taka ba ta banza ba ce. Mu nan fadamar Haɗeja da Nguru muna da namu baƙin. Da kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai su cika fadama, musamman wanda ake kira raf, mai zuwa dubbai yana kiwo a gonakin shinkafa bayan girbi. Tun muna yara muke ganinsu, muna ɗana musu tarko, ba mu taɓa tambayar daga ina suke ba. Mun san shamuwa tana zuwa da damina ta tafi da kaka, wannan kowa ya sani, har yara na yi mata waƙa. Waɗannan kuwa akasin shamuwa ne, sai ta tafi su zo. Sai da na girma na ga masu ƙirga tsuntsaye suna zuwa Dagona, wani yanki na fadamar tamu, cikin sanyin Janairu sannan na san daga Turai da Saiberiya suke. A Mali ma, wajen Mopti, kama su ake yi da raga ana kai su kasuwa.

Ɗan Damagaram: Malam, to wannan na Alhaji yana zuwa wajenku? Don ni a tabkunan nan namu ina ganin wani ƙarami mai kaɗa gindi sama da ƙasa kamar an ɗaura masa zare.

'Yar Jos: Wancan mai kaɗa gindin daban ne Yaya, shi kam ko a bakin dam ko kududdufi za ka gan shi, shi kaɗai yake yawo, bayansa ruwan ƙasa. Shi ma baƙo ne daga arewa. Sandalin ɗan teku ne, da wuya a gan shi a cikin ƙasa sai in hanya ce ta bi da shi. Ni kaina da na yi karatu a Jos, a cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, sai a littafi na san shi, ban gan shi da idona ba sai da muka je bakin teku a Legas. Ranar nan na zauna a yashi na fi awa ɗaya ina dariya ni kaɗai.

Hajiya Mai Atamfa: To 'yata, tunda kin ce ba a nan ake haihuwarsa ba, ina ne garinsu?

'Yar Jos: Can ƙarshen duniya ta arewa Hajiya, inda bishiya ba ta fitowa: arewa maso gabashin Girinlan, da tsibiran arewacin Kanada, da gaɓar Saiberiya. A watan Yuni, in ƙanƙara ta narke, sai su isa. Ba sa saƙa sheƙa irin ta gwara, ɗan rami ne kawai a ƙasa tsakanin tsakuwa, a zuba ƙwai huɗu, a kwanta musu kwana ashirin da 'yan kai. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa suke tashi su bi ƙwari da kansu, ba a ba su a baki. A lokacin kuma ba za ki gane shi ba, don kai da ƙirji sukan koma ja-ja kamar tsatsa. Wannan farar rigar da Baba Alhaji ya gani ta zaman baƙunta ce. Kuma duk wannan hidima cikin rana ake yinta, don a can a watannin nan rana ba ta faɗuwa.

Baban Nima: Rana ba ta faɗuwa? To su wa ke azumi a can? Allah ya kiyaye Ramadan ya same ka a garin.

Shugaban Zaure: Baban Nima, a bar maganar azumi zuwa wata rana, kada mu kauce.

'Yar Jos: Abin da ya fi ba ni mamaki ni shi ne iyayen ke fara tahowa, su bar 'ya'yan. 'Ya'yan su taso daga baya, ba wanda ya nuna musu hanya, su bi gaɓar Turai har Afirka. Baba Alhaji, da a Satumba ko Oktoba ka je, da ka ga wasu masu baya dabbare-dabbare, baƙi da fari kamar zanen atamfa. Waɗannan 'yan bana ne, watanninsu biyu ko uku a duniya, sun riga sun ƙetare abin da ni da kai ba mu ƙetare ba.

Abban Agege: Ni fa maganar nan ba ta shige ni ba. Abu kamar ƙwan kaza ya taso daga inda kika faɗa har Gana? Wa ya bi shi ya gani? Ba mamaki akwai masu kama da su a can, akwai a nan, Bature ya haɗa labari.

Ɗan Tema: Abba, amfanin zoben ke nan ai. Kowane tsuntsu da jerin launinsa, babu biyu masu iri ɗaya, kamar lambar mota. In wani ya ɗauki hotonsa a wata ƙasa, wani ya gan shi a wata, an san shi ne. A watan Agustan 2009 an ɗauki hoton wani sandalin mai zobe a gaɓar Nowe, bai cika kwana biyar ba aka gan shi a Esiama ɗin nan da Alhaji ya tsaya jiran kwakwa. Tsakanin wuraren biyu kimanin kilomita 6,000 ne. Lissafa da kanka, fiye da kilomita dubu ke nan kowace rana.

Ɗan Zangon Takoradi: La'ilaha illallahu. Ni daga Takoradi zuwa Legas da kaya sai in kwana uku a hanya, rabin lokacin a kan iyaka.

Baban Nima: Shi ba ya tsayawa a Aflao, kan iyakar Gana da Togo, a duba masa takarda.

Abban Agege: To me yake ci a hanyar? Ko mota sai da mai.

'Yar Jos: Mai ɗin a jikinsa yake Yaya. Kafin ya tashi sai ya yi makonni yana ci ba ji ba gani har ya tara kitse, wanda nauyinsa giram 50 da wani abu ne ya doshi 100. Kitsen nan yake ƙonawa a sama. Shi ya sa wuraren yada zango suke da muhimmanci, irin gaɓar Aisilan da tekun Wadden na Holand da Jamus da Denmak. In wuri ɗaya ya lalace a jerin, tafiyar duka ta samu matsala, kamar a ce gidan mai ɗaya ne tsakanin Agadas da Bilma kuma ka iske shi a rufe. Kuma sandalin ba shi ne gwarzon ba ma. Akwai wani ɗan uwansa babba mai dogon baki da aka sa wa na'ura a 2022, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya ta Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11.

Abban Agege: Shi ke nan, na yi shiru. Amma dai zuciyata ba ta gama yarda ba.

Malam Na Nguru: Shirun naka ma ci gaba ne. 'Yata, ni abin da nake so in ji, me ya kai su Esiama musamman? Teku ai ga ta nan tun daga Sanagal har Kamaru.

Ɗan Tema: Malam, abinci ne. A yashin wajen akwai wasu 'yan ƙananan kumba, dangin kawa, masu binne kansu daidai inda ruwa ke zuwa yana komawa. In igiya ta ja baya sukan ɗan bayyana kafin su sake nutsewa cikin yashi, to wannan ɗan tsakanin ne tsuntsun ke tsere ya cafke. Gudun da Alhaji ya ɗauka wasa ne, neman tuwo ne. Haɗiye su yake yi da ɓawonsu, ƙundu ya niƙe. Kuma ba jiya aka fara lura da wurin ba. Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta Jami'ar Gana da ke Legon tun shekarun 1980 ta fara jagorantar ƙirgar tsuntsayen gaɓar ƙasar nan, daga baya masu bincike daga Holand suka haɗa hannu da su a kan sandalin. Aikin ƙirgar nan na cikin abin da ya sa a 1992 aka sanya dausayoyi biyar na gaɓar Gana cikin yarjejeniyar Ramsar, wato ta ƙasashen duniya kan kare dausayi: Keta, Songor, Sakumo (shi ne tafkin Sakumono), bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze na Winneba.

Hajiya Mai Atamfa: Ashe dai sun iya zaɓen wuri. Ga ɗumi, ga abinci, su bar masu sanyi da sanyinsu.

'Yar Jos: Haka kowa ya zata Hajiya, amma zoben ya nuna wani abu daban. Da aka bi tarihin masu zobe na shekaru, aka gwada masu zama a Turai, da masu zama a Muritaniya da Gana, da masu wucewa har Namibiya, sai aka ga na yankinmu mai zafi su ne suka fi mutuwa daga shekara zuwa shekara, su ne kuma suka fi makara wajen komawa arewa. Ƙananansu da yawa ma ba sa komawa a shekarar farko, sai su yi zamansu a nan. Masu binciken suna ganin abincin ne bai isa tara kitsen tafiya a kan lokaci ba. Kumba ɓawo ya fi nama yawa. Wanda ya zauna cikin sanyin Ingila, da wanda ya yi doguwar tafiya har Namibiya, duk sun fi namu samun sauƙi.

Baban Nima: Wato har tsuntsu ma in ya zo ci-rani nan sai kuɗin motar komawa ya gagare shi.

Ɗan Damagaram: Baban Nima ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi.

Ɗan Tema: Dariya ce amma akwai abin dubawa. Tsuntsun da ke kan iyakar ƙarfinsa, duk korar da aka yi masa asara ce. Karen nan da Alhaji ya ce ya tashe su, da yara masu jifa, da masu babur a kan yashi, kowane tashi kitse ne ya ƙone. Mu nan Sakumono abin ya wuce kare. Wuraren da na saba tsayawa ina kallon taɓo cike da tsuntsaye yanzu katangu ne da gidaje, an cike dausayi da ƙasa, ga leda, ga ruwan kwata. Hukuma takan zo ta rushe wasu, a jima a sake ginawa. Sunan Ramsar yana kan allo, allon kuma ba ya hana tifa juye ƙasa.

Abban Agege: To mutane su kwana a ina? Akara ta cika, Tema ta cika. Ba za a bar ɗan Adam a titi saboda tsuntsun Girinlan ba.

Ɗan Tema: Abba, je ka ga gidajen tukuna, ba na marasa wurin kwana ba ne. Kuma dausayin nan shi ke shanye ruwa in an yi ruwan sama mai yawa. In aka toshe shi, ruwan gidajen talakawan da ke kewaye yake komawa. Masuntan da ke kama ƙaguwa da kifi a tafkin su ma ba daga Girinlan suka zo ba.

Malam Na Nguru: Wannan magana mun san ta. Tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa ambaliyar da ke cika fadamarmu ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya fara kuka ba tsuntsu ba ne, masunci ne da manomin shinkafa da Bafulatani mai shanu. Ni ban taɓa ganin inda ruwa ya gyaru wa mutane ya ɓaci wa tsuntsu ba.

Shugaban Zaure: Jama'a mun yi nisa. Alhaji tambaya biyu ya yi, an amsa ta farko. Wa ya sa zoben, har yanzu ba a faɗa masa ba.

'Yar Jos: Ba za a sani ba sai an karanta zoben Shugaba. Mai yiwuwa a Esiama aka sa masa, mai yiwuwa a Girinlan ko Aisilan ko Holand ko Muritaniya, duk ana yi. Baba Alhaji, in za ka koma, ga abin da ake bukata. Yawanci zobba huɗu ne masu launi, biyu a kowace ƙafa, da tuta ɗaya, da wani na ƙarfe mai lamba wanda ba ya karantuwa daga nesa. Ka rubuta na ƙafar hagu daga sama zuwa ƙasa, sannan na dama. Hagun tsuntsun fa, ba naka ba, nan mutane suka fi yin kuskure in yana fuskantarsu. Ka lura da launin tutar, da ƙafar da take, da ko tana saman gwiwa ko ƙasanta. Sai rana da wuri. In ka turo mini zan aika wa masu aikin, sukan maido da tarihin tsuntsun duka, inda aka kama shi da duk inda aka taɓa ganinsa.

Ɗan Zangon Takoradi: 'Yata, abin da ƙafarsa ba ta tsayawa, ta yaya zan ƙirga launi?

Ɗan Tema: Nan ne sanin ruwa ke shigowa Alhaji. Teku tana cika sau biyu tana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika awa 12 da kusan minti 25, saboda haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. In yau ta cika ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura. Kuma da wata take tafiya: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Mu da muke lissafin kwanan wata don ibada wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu. A gaɓarmu bambancin bai fi mita ɗaya da wani abu ba, ba kamar gaɓar da ake kira Bankin Argin a Muritaniya ko tsibiran Bijagos na Gini Bisau ba, inda ruwa kan janye ya bar filin taɓo iya ganinka, tsuntsaye dubu ɗaruruwa su baje a kai. Amma ko a nan yana aiki. In ruwa ya cika sukan taru wuri ɗaya a saman yashi su huta. Kai dai ka isa kafin cikar, ka sa rana a bayanka, ka zauna ƙasa, kada ka tsaya a tsaye, kada ka bi su. Ruwan da kansa zai turo maka su. Kuma kada ka je da farar babbar riga tana kaɗawa.

Ɗan Zangon Takoradi: To ai ni ba ni da jadawalin ruwa.

Ɗan Tema: Tambayi masu jan koma a bakin tekun, sun fi kowace manhaja sani. Tabarau kuma in babu, ɗauki bidiyo maimakon hoto, daga baya a tsayar da shi a duba ƙafar.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai har yanzu tausayinsa nake ji. Zobe biyar da tuta a ƙafar da ba ta kai tsinken tsintsiya ba.

'Yar Jos: Tausayin a wurinsa yake Hajiya, su ma masu aikin sai da izini da horo suke yi, kuma 'yan kaɗan ake sa wa a cikin dubbai. Akwai masu zoben da aka yi ta gani shekara bayan shekara suna dawowa gaɓa ɗaya, sun je Girinlan sun dawo da shi a ƙafa.

Ɗan Zangon Takoradi: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Yau Alhamis na koma ɗaukar sauran kaya, na bar yaran mota da lodi na gangara tun da hantsi. Wani tsoho mai gyaran koma ya ce in jira, ruwa na tahowa. Na ari tabarau wajen wani malamin makaranta a zangonmu, ido ɗaya ne ke aiki amma ya yi. Na zauna a yashi kamar yadda Ɗan Tema ya ce, har wasu yara suka zo suka tsaya a kaina suna tambaya ko ba ni da lafiya. Gaskiya ne, da ruwan ya hau sai ga su suna matsowa har na ji 'yar ƙarar da suke yi. Na ga baƙin kafaɗar sosai yanzu. Na ga wani babba ruwan ƙasa mai lanƙwasasshen baki yana fama da ƙaguwa, da wasu masu baƙin sarƙa a wuya da jar ƙafa, masu gudu su tsaya cak su sake gudu.

Ɗan Tema: Babban wimbirel ne, in ka duba kansa za ka ga ratsi biyu masu duhu. Masu sarƙar kuma wani dangi ne daban, da ido suke farauta shi ya sa suke tsayawa. Mai zoben fa?

Ɗan Zangon Takoradi: Na same shi, ko dai wani irinsa. Amma akwai matsala, ina jin an cire masa ƙafa ɗaya. A kan ɗaya yake tsaye, ko da ruwa ya matso sai ya yi tsalle da ita kamar mai ɗan gurgu. Hajiya, kin ga abin da kika faɗa.

'Yar Jos: Baba ƙafarsa lafiya lau! Haka suke hutawa, su naɗe ɗaya cikin gashin ciki, kuma ƙiwa kan hana su sauke ta ko da za su matsa, sai su yi ta tsalle. Wace ƙafa ka gani, kuma me ke jikinta?

Ɗan Zangon Takoradi: Ta dama, damarsa ba tawa ba, na kiyaye. Rawaya a sama, fari a ƙasa. Tutar da sauran suna can cikin gashi. Na jira har azahar ta gota bai sauke ba, yaran mota suka yi ta kirana a waya wai an gama lodi.

Baban Nima: Tsuntsu ya taso tun daga Girinlan ya zo ya ɓoye wa Alhaji ƙafa.

'Yar Jos: Rabin lamba ba ta isa a aika ba Baba, masu rawaya da fari a dama za su yi yawa. Yaushe za ka sake komawa?

Ɗan Zangon Takoradi: Sai Talata in Allah ya kai mu. Ɗan Tema, lissafa mini, in yau ruwan ya cika wajen sha biyu da rabi, ranar Talata ƙarfe nawa ke nan?

Ɗan Tema: Kwana biyar, ƙara awa huɗu da 'yan mintuna, wajen biyar saura na yamma. Amma a wannan karon kada ka tashi da cikar, ka jira ya fara janyewa. Yunwa za ta sa ya sauke ƙafar.